Wata tara ina riƙe littafin bashin shagonmu da Python

Kawuna yana sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma kamar duk wanda ya daɗe a kasuwar, kaso mai yawa na cinikinsa bashi ne. Mutum ya ɗauki turmi ashirin, ya ba da wani abu, ya ce ragowar sai ya dawo. Wasu daga Gusau suke zuwa, wasu daga Maraɗi ko Damagaram, su biya da sefa a canza. Duk wannan yana cikin manyan littattafai huɗu, da rubutun mutum uku. Da na gama karatu ina jiran bautar ƙasa, Kawu ya miƙo mini su ya ce in fitar masa da jimillar abin da yake bin mutane. Na lissafa sau biyu, amsa biyu ta fito. A nan na yanke shawarar rubuta 'yar manhajar da za ta riƙe lissafin.

Da na kai maganar majalisarmu sai musu ya kaure kan wane yaren kwamfuta zan rubuta ta da shi. Abokina mai gina wa mutane shafukan intanet ya ce PHP zan koya, tunda da shi aka gina WordPress, manhajar haɗa shafukan intanet, kuma da shi yake cin abinci. Wani ya ce JavaScript, don babu wayar da ba ta da burauza, kuma kowace burauza tana jin wannan yaren. Na uku ya ce Python tafiyar hawainiya yake yi, in nemi Java. Kowa na kare abin da ya iya kamar ana musun ƙwallo. Na ɗauki Python saboda dalili ɗaya: da na buɗe misalan yarukan, nasa ne kawai na karanta na gane abin da ake nufi ba tare da an yi mini bayani ba.

Wannan sauƙin ba talla ba ne, gaskiya ne. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da yaren a 1991, ya gina shi ne yadda ido zai bi rubutun ba wahala. Cikin sati uku na iya shigar da suna, da kayan da aka ɗauka, da abin da aka biya, manhajar ta fitar da ragowa. Ma'ajiyar bayanai ta SQLite tana zuwa tare da shi, ban sauke komai ba, ban ƙona data ba. Littattafan nan huɗu suka koma fayil guda ɗaya da zan kwafa a filasha. Ranar da aka ɗauke wuta cajin kwamfuta ya ƙare, sai in ci gaba da gwaji a waya ta manhajar Pydroid 3. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yaren ya yarda in raɗa wa abubuwa suna da Hausa, har da baƙaƙe masu lanƙwasa. Na rubuta kuɗi da ɗ ɗinsa, ya karɓa. Jinkirin da ake faɗa kuwa ban gan shi ba. Mai aiki da miliyoyin bayanai zai ji shi, amma sunaye 'yan ɗaruruwa kafin ka ɗaga yatsa ya gama.

Akwai wuraren da ya ba ni wuya. A Python, tazarar da ka bari a farkon layi tana cikin ma'anar rubutun. Ka ƙara guda ko ka rage, ko dai ya ƙi tashi, ko ya tashi ya yi abin da ba ka nufa ba, kuma a madannin waya wannan kuskuren ba wuyar yi. Sannan tsofaffin darussan bidiyo da yawa na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Mai koyo zai kwafi abin da ya gani daidai, ya ƙi aiki, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Duk mai farawa ya duba shekarar darasi kafin ya bi shi.

Batun kuɗi ma yana da tarko. Ka tara 0.1 da 0.2, amsar da za ka gani 0.30000000000000004 ce. Haka JavaScript ma yake yi, domin kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye gutsuren lamba, wasu kuma ba sa shiga cif. Na gano haka ne wurin mayar da sefa naira. Maganinsa yana cikin yaren, wani sashe mai suna decimal, amma ba wanda zai gaya maka sai ka ci karo.

Wanda ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne jera sunaye. Na ce ya jera daga A zuwa ƙarshe, sai ga Ɗanladi da Ƙasimu can ƙasa bayan Zubairu. Dalili kuwa kowane harafi lamba gare shi a tsarin Unicode da kwamfuta ke gane haruffa da shi: Z lambarsa 90, Ɗ 394, Ƙ 408, shi kuma yaren lambar yake bi. Ga yaron shago yana rubuta Danladi ba lanƙwasa, ya nema, manhaja ta ce babu mai wannan sunan. Sai da na zauna na rubuta jerin baƙaƙen Hausa da kaina, na koya mata cewa wurin nema D da Ɗ su zo tare. Aikin yini guda ne, amma ya nuna mini cewa mai rubuta manhaja don Hausawa akwai aikin da shi kaɗai zai yi wa kansa.

Inda abokina mai JavaScript ya yi gaskiya shi ne waya. Kawu ba ya taɓa kwamfuta, wayarsa ce ofishinsa. Mayar da aikin Python manhajar Android abu ne mai yiwuwa, akwai kayan aiki irin su Kivy, amma hanyar doguwa ce ga sabon shiga. Dabarar da na yi ita ce na sa Flask, kayan aikin Python na haɗa shafin intanet, kwamfutar shago ta zama uwar garke, wato mai riƙe da manhajar, wayar Kawu ta haɗu da ita ta wayfay, ya buɗe a burauza. To shafin da yake gani sai da na koyi HTML, yaren tsara shafi, da ɗan JavaScript kafin ya yi kyau. Yaren da na guda a farko na dawo na same shi a bakin ƙofa.

Da komai ya zauna, na kawo shawarar manhajar ta riƙa aika saƙon tes ga duk wanda bashinsa ya wuce wata biyu. Layi kaɗan ne, kuma ina ganin ci gaba ne. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutumin da muka yi shekara ashirin muna hulɗa, na'ura ce za ta tuna masa bashi? Wani ka san gobara ya yi, wani jinya yake. Ni na san wanda zan kira da wanda zan ƙyale." Na ce, "Haka ne, Kawu." Abin da ya nema maimakon haka shi ne wurin da zai yafe bashi, a cire shi daga jimilla, kuma kada yaran shago su ga sunan wanda aka yafe wa. Ya kuma hana a ɗora fayil ɗin a intanet, ya ce asirin mutane ne aka ba shi amana. Wannan ɓangaren na fi ba kulawa a duk manhajar, na sa masa kalmar sirri ta daban.

Mai son riƙe lissafin shago, ko adashe, ko kuɗin makarantar Islamiyya a kwamfutarsa, ina ba shi shawarar Python ba tare da shakka ba. Wanda kuma burinsa manhajar da mutane za su sauke a waya, ya fara da yaren Kotlin ko Dart, kada ya biyo hanyata. Littattafan huɗu har yanzu suna cikin durowa, Kawu ya ce a ci gaba da rubutawa a ciki har ƙarshen shekara, duk Alhamis mu gwada su da abin da kwamfuta ta fitar.