Matar da ta hana ni sayen fenti

A Ingila, ranar da za ka bar gidan haya bango ne ke yanke maka hukunci. Tun ranar shiga mai gida ya karɓi kuɗin ajiya, wanda tun 2019 doka ta ce a yawancin gidaje kada ya wuce hayar mako biyar. Ranar fita kuma za a zo da hotunan gidan da aka ɗauka ranar shiga, a bi ɗaki-ɗaki ana gwadawa, duk tabon da aka gani a cire kuɗinsa. Ni kuwa yarana sun mayar da bangon falo allo, ga wani baƙin tabo da danshi ya yi a gefen taga. Dole ta kai ni shagon fenti na unguwarmu.

Babban bokiti na ɗauka, mafi tsada, da niyyar in shafe falon gaba ɗaya in huta. Ina ajiye shi a wurin biya sai matar da ke tsaye, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaye ni girman ɗakin. Na faɗa mata. Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan wata takarda: lita ɗaya ta fentin ruwa tana cin wajen murabba'in mita 12, shafi biyu ake yi, a cire ƙofa da tagogi. Ta ce rabin abin da na ɗauko ya ishe ni har da saura. Kuma tunda gidan barinsa zan yi, mai tsadan nan asarar kuɗi ne. Da hannunta ta mayar da bokitin inda na ɗauko shi.

Wallahi tsayawa na yi ina neman inda tarkon yake. Kuɗi su zo har gaban mai shago, ya ce a rage?

Ba ta tsaya nan ba. Da na nuna mata hoton tabon taga ta ce fumfuna ce, fenti ba ya kashe ta, rufe ta kawai zai yi ta sake fitowa. A wanke da maganinta, a bari ya bushe sosai, a sa shafin farko mai toshe tabo, sannan fenti. Na miƙa hannu zan ɗauki samfefa don katakon taga, ta ce shekarar gidan nawa? Tsofaffin gidajen Ingila, musamman na kafin 1960, sau da yawa akwai fenti mai dalma a ƙarƙashin na sama, kuma goge shi a bushe yana ta da ƙurar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara. A 1992 aka hana sayar wa jama'a irin wannan fenti a nan, Amurka kuwa tun 1978. Duk gine-ginen da na gani ana yi a can gida, ƙasarmu, ban taɓa jin mai shago ko mai fenti ya ambaci dalma ba, kuma yara na nan suna wasa a cikin ƙurar.

Sai batun launi. Gidajen haya da yawa a ƙasar nan launinsu ɗaya ne, wani da suke kira Magnolia, tsakanin fari da ruwan madara, har ya gundure ni. Amma rana da shekaru suna canza shi, sabo ba ya dacewa da tsoho. Ta ce in ɓanɓaro ɗan ɓawon fenti daga inda ido ba ya kai wa in kawo. Na'ura ce ke karanta launin, kwamfuta ta fitar da ma'auni, inji ya ɗiga launuka cikin farin fenti, wani injin ya girgiza gwangwanin. Ta shafa kaɗan a murfi, ta busar da na'urar busar da gashi, ta manna takarda mai ɗauke da ma'aunin haɗin don in na dawo baɗi a haɗa min irinsa sak.

Duk da haka da na shafa a bango ya bushe, sai ya ja zuwa ruwan hoda. Tun daga gida na tanadi maganganu, har da wanda zan faɗa idan aka ce hasken ɗakina ne. Na san ƙa'idarsu: fentin da aka haɗa maka ba a karɓarsa don kawai ka canza ra'ayi. Amma dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ke da aibi ko wanda ba shi aka yi ciniki a kai ba. Matar ba ta nan, wani saurayi na samu. Ya karanta takardar murfin, ya duba gwangwanin, ya ce an zuba launin a cikin irin farin fentin da ba nasa ba, laifinsu ne. Ya haɗa wani, ya ba ni haƙuri, ya kira na bayana. Maganganuna duk a bakina suka ruɓe. Har ɗan haushi na ji.

Ku kun san yadda za a yi da a gida ne. "Haba Alhaji, ai idan ya ƙara bushewa zai yi daidai." In ka matsa a nuna maka rubutun ƙasan rasit, in an ba ka rasit ɗin. In ka ƙara matsawa a fara rantsuwa, maƙwabtan shago su taru suna ba ka haƙuri, ka fita kai ne mai laifi. Abin da ya fi ci min rai ba ma wannan ba ne, haɗin bakin mai fenti da mai shago ne. Mai fenti ya ce bokiti goma, alhali shida sun isa, ya karɓi la'adarsa ta bayan fage, ya tsinka fentin da ruwa har ya zama ana ganin siminti ta cikinsa, sauran ya bi wata hanya. Damina ɗaya bango ya fara zubar da gari, ka jingina ka tashi da farin baya. Kuma mu ne masu yawan ambaton amana. Dattijuwar nan ban san ko tana da addini ba. Abin da na sani shi ne ba ta da kamasho a kan bokitina, kuma shagon ya lissafa cewa dawowata ta fi masa riba.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Kafin a karɓi kuɗinka sai an nemi imel ɗinka da lambar unguwarka, ka isa gida ka tarar da saƙo ana tambaya tauraro nawa za ka ba su. Ranar Lahadi, ranar da mai aiki ke da sarari, dokar 1994 ta hana manyan shaguna buɗewa fiye da awa shida, ka zo da yamma ka samu ƙofa a rufe. Ragowar fenti ba a zubawa a kwandon shara, sai ka nemi wurin da hukumar gunduma ke karɓa, ko shirin Community RePaint da ke raba wa mabuƙata. Ragi babu, abin da ke jikin takarda shi za ka biya. Bashi kuwa ko a mafarki, in ba kana da rajistar ɗan kwangila ba. Matar da ta yi min duk wannan alheri, da na koma na gaishe ta, murmushi ta yi min irin wanda take yi wa kowa. Ba ta gane ni ba. Sai na tuna mai shagon can gida da zai turo maka benci, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya ce ɗauki kayan ka kawo kuɗin ƙarshen wata, ya sa yaronsa ya kai maka har mota. Ya cuce ka a lita, amma ranar da aka yi maka rasuwa yana sahun gaba.

Ginin da nake tura wa kuɗi a can gida ya kusa kai wa fenti, shi ya sa na kira ƙanena na ce ya auna kowane ɗaki da kansa, ya je shago ba tare da mai fenti ba, a buɗe bokiti a gabansa, ya tambaya ko akwai dalma a ciki, ya kuma karɓi rasit. Ya je. Ya ce mai shagon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan yayan naka na Turai ne ya aiko ka, ko?" Ya ba shi rasit ɗin, amma bai rubuta sunan fentin a kai ba.