Sharhi: rigar Pleats Please ta Issey Miyake, bayan an sa an wanke

A shimfiɗe kan tebur, rigar nan ba ta da wani fasali: falle ne mai kusurwa huɗu da ƙananan ninki jere daga wuya har ƙasa. Sai an sa ta a jiki ake gane manufar wanda ya zana ta. Ninkin yana buɗewa a kafaɗa da ƙugu, ya rufe inda jiki ya tsuke, ga kuma wani ɗan tsalle da yake yi idan ana tafiya. Abin da na fi so a tare da ita ke nan, domin jikin mai sawa ne ke ƙarasa zanen.

Issey Miyake, mai zana tufafi ɗan Japan da aka haifa a Hiroshima a 1938 ya rasu a 2022, ya gwada dabarar ninkin a jikin 'yan wata ƙungiyar rawa ta birnin Frankfurt na Jamus a 1991, sannan ya fito da jerin tufafinsa mai suna Pleats Please a 1993. A al'ada, yadi ake fara ninkewa sannan a yanka a ɗinka. Shi kuwa sai ya juya tsarin. Ana yanka rigar a ɗinke ta da girma sau biyu zuwa uku na yadda za ta kasance, a sa ta tsakanin takardu biyu, a tura cikin injin matsa mai zafi. Yadin foliyesta ne zalla, zafi na tausasa zarensa, idan ya huce sai ya riƙe siffar da aka ba shi. Shi ya sa har ɗinkin gefe yana bin ninkin sumul.

Zafin da ya kafa ninkin kuma shi ne ke rushe shi. Dutsen guga, ruwan zafi, injin busar da kaya, ko barin rigar cikin mota a rana, duk suna kwantar da shi, kuma ba ya dawowa. Tartsatsin wuta kan narkar da yadin ya bar rami.

Wankinta ba wuya. A naɗe ta bisa layin ninkin, a sa a jakar raga, a wanke a ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mara ƙarfi. Kada a murɗe ta. A matse ruwan cikin tawul, a shanya a inuwa, nan da nan ta bushe. Wajen ajiya ma naɗewa ake yi, don hanga na ja wa mai ninkin kwance saki. Kada kuma a ɗora mata kaya masu nauyi.

Akwai abin lura. Dogon zama kan kwantar da ninkin mazauni da gwiwa sannu a hankali. Zobe ko zif ɗin jaka na iya fizgar zare. Tabon mai yana kama foliyesta sosai, sai a hanzarta da sabulu tun bai zauna ba. Lokacin da iska ta bushe takan manne a jiki.

Wajen zaɓen girma, tsawo za a duba, tunda faɗin yana buɗewa da kansa. A gwada ta a tsaye da kuma a zaune kafin a saya, domin rage mata tsawo a wurin tela yakan ɓata yadda bakinta ke zuba.