Fentin Ruwa a Jos: Gidan Tarihi ko Lungun Gangare?

Mai son zana gine-gine da fentin ruwa a Jos yana da wuri biyu.

Na farko gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke kusa da gidan tarihin Jos (shi na Jos din Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952). A nan aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda asalinsa aikin shahararren magini Babban Gwani Mika'ilu ne. Akwai zanko, wato tsinin da ake yi a saman soro, akwai bakan gizo, wato ginin baka da ke rike da rufi, ga natsuwa. Mai koyo zai samu abin da yake so.

Amma ni na fi karkata ga lungunan Gangare da Dilimi. Can ne ake ganin kwanon rufi da tsatsa ta ci, ja a sama, ruwan kasa wajen indararo, sai layin kore inda damina ta bi bango ta sauka. Irin wannan ne fentin ruwa ya fi iyawa: ka jika takarda, ka diga kala, ka bar ta ta bazu da kanta. Tagar katako mai fenti shudi da ya bare kuwa, busasshen buroshi take so. Sai dai fa ka shirya wa 'yan kallo, yara za su yanyame ka, wani dattijo ya tambaye ka, "Malam, gidan za a saya ne?" Nemi izinin mai gida tukuna.

Lokacin hunturu kala na bushewa nan da nan a wuraren biyu, don haka ka fara da sararin sama, ka hada kalar da yawa.