Makirufon farko ga wanda ya bar aiki ya koma ɗora murya

Duk wanda ya ajiye aikin koyarwa ko na ofis ya ce da muryarsa zai ci abinci, da kuɗin sallama sun shigo hannu, idonsa na kan makirufon nan da yake gani a hotunan situdiyo, wato kwandensa. Ni ma can na fara bayan shekaru ina riƙe da alli. Ɗan'uwa, kafin ka zaro kuɗi, zauna a ɗakinka ka yi shiru na minti 5, ka ji abin da ke shigowa.

Aiki dai akwai shi: tallan rediyo a tashoshi irin su Freedom Radio da ta buɗe a Kano a 2003, shirye-shiryen Arewa24 tun 2014, fassarar fina-finan Indiya da Algaita ta yi suna a kai, ga karatun littattafai a YouTube. Sai dai muryar fim galibi a situdiyon masu aikin ake ɗora ta. Kayan gida na talla ne, da karatu, da samfurin muryar da za ka tura a ji.

Kwandensa irin su Audio-Technica AT2020 yana fitar da murya garau, har numfashi da motsin leɓe. Wannan kaifin kunnen nasa shi ne damuwar a gidajenmu, domin yadda yake jin ka haka yake jin janaretan maƙwabci da adaidaita sahu da fanka. Na taɓa ɗaukar tallan daƙiƙa 30 da azahar, da na sa abin sauraro a kunne sai ga injin markaɗen layin baya yana raka kowace jimla. Sai ƙarfe 2 na dare na sake ɗaukarsa. Kuma kwandensa ba ya tafiya shi kaɗai: mai wayar XLR, wato wayar haɗa makirufo irin ta situdiyo, yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga akwatin haɗa sauti kamar Focusrite Scarlett Solo, ga waya, ga ƙafar tsayarwa. Ka fita sayen abu ɗaya, ka dawo da huɗu.

Ɗaya nau'in makirufon kuwa, wato dainamik, ba ya neman wutar nan, kuma sai ka matso da baki kamar yatsu huɗu yake ɗaukar ka sosai, don haka hayaniyar nesa takan yi ƙasa. Shure SM58, wanda ake ƙerawa tun 1966, yana jure faɗuwa da ƙura, amma shi ma sai da akwati, kuma jabunsa sun yi yawa a kasuwa. Samson Q2U, wanda shi ma dainamik ne, shi nake ba sabon shiga shawara ya saya. Yana da ramin USB da ke shiga kwamfuta kai tsaye, yana da na XLR don ranar da ka sayi akwati, ga wurin sa abin sauraro a jikinsa. Gaskiya ne muryarsa ba ta kai ta kwandensa sheƙi ba, amma mai ba da aiki ya fi saurin yafe wannan a kan ƙugin janareta.

Wayar hannu ta isa atisaye. Hayar situdiyo na awa ɗaya ko biyu ta fi dacewa da babban aiki mai kuɗi.

Kuɗin da ya rage maka ka zuba shi a gyaran ɗaki. Jingina katifa a bayanka, rataya bargo mai kauri, shimfiɗa darduma a siminti don kashe amsa-kuwwa. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a bango ba ya tare ƙarar waje. Sayi ƙyallen tare iska da ake sawa a gaban makirufo, domin harafin f namu da leɓe biyu ake hura shi, kuma ƙ da ts suna fita da ƙarfi su daki makirufo. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa yanka da gyara. In aikin na bidiyo ne, ajiye sautin a tsarin fayil na WAV, ka zaɓi 48 kHz a manhajar.

Ranar sayayya tafi da kwamfutarka. A shagon ka haɗa makirufon, ka karanta sakin layi ɗaya da muryar talla, ɗaya da raɗa, ka saurara kafin ka biya, ka kuma karɓi rasit mai lambar kayan.