Awa ɗaya a ofishin lauya kan indararo da janaretan maƙwabci

Wata bakwai ina haƙuri kafin na nemi lauya. Maƙwabcina ya ɗora bene, indararonsa ya leƙo ta saman katangata, duk ruwan da aka yi a tsakar gidana yake sauka, har bangon ɗakin yara ya fara yin danshi, fenti na ɓarewa. Ga janaretansa manne da katangar, daga ƙarfe 10 na dare sai asuba yana ruri, hayaƙi na shigo mana ta taga. Sau uku na yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ai tararwa ka yi injin nan yana nan."

Lauyar da aka haɗa ni da ita ta bar ni na zazzage cikina ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ja layi a tsakiyar takarda, ta ce, "Malam, matsalarka biyu ce, kuma kowacce da hanyarta a doka." Wannan layin shi ne mafi amfanin abin da na samu a ofishin nan.

Ni a zatona maganar janareta ce mai ƙarfi, tunda ita ke hana mu barci. Ashe indararon ne ya fi sauƙin kamawa. Ta ce kutse ne, domin hakkin mai gida bai tsaya a ƙasa ba, ya haɗa da sararin da ke saman filinsa, kuma a shari'ar kutse ba sai ka nuna an yi maka ɓarna ba, ƙetare iyakar kaɗai ya isa. Ta kawo wata shari'a ta Ingila ta 1957, inda allon talla ya leƙa inci kaɗan a saman shagon wani, kotu ta ce a cire shi.

Janareta kuwa ya faɗa ɓangaren takura wa maƙwabci, wanda ke buƙatar hujja. Kotu takan duba lokacin da ake kunna shi, tsawon sa'o'in, yanayin unguwar, da ko mutum mai matsakaicin haƙuri zai iya jurewa. Na tambaye ta, "Barista, to maganarsa ta cewa na tarar da injin fa?" Sai ta ba ni labarin shari'ar Sturges da Bridgman ta 1879 a Landan. Wani mai yin alewa ya shafe fiye da shekara 20 yana daka a manyan turame, daga baya likitan da ke maƙwabtaka da shi ya gina ɗakin duba marasa lafiya jikin bangon, dakan ya hana shi aiki, kuma likitan ya yi nasara. Ban taɓa jin sanyi a raina kan wannan rikici kamar lokacin ba, don na daɗe ina ganin kamar ni ne marar gaskiya.

Ta hana ni taɓa indararon da hannuna, ta ce kada fushi ya mai da ni wanda za a kai ƙara. Ta sa na sayi littafi ina rubuta ranar da aka kunna injin da lokacin da aka kashe, ina ɗaukar hoton bango duk bayan ruwa. Ta kuma faɗa mini gaskiya cewa shari'a na cin lokaci da zumunci, gara a fara da takardar gargaɗi, in ta ƙi sai a nemi umarnin kotu da diyya.

Inda ban ji daɗi ba shi ne takardar. An ce kwana uku, sai da ta yi tara, ni ke ta bugo waya, ga damina ba ta jira. Kuma da ta zo, da Turancin lauyoyi aka cika ta, sai da na koma aka warware mini sakin layi biyu.

Duk da haka zan tura mata duk wanda ke cikin irin halina, ya je da hotuna da takardar filinsa. Mako biyu da kai takardar, sai magina suka zo suka juya indararon. Janaretan an matsar da shi daga jikin katanga, amma har yanzu yakan kai ƙarfe ɗayan dare, don haka littafina yana nan a gefen gado ina ci gaba da rubutawa.