Alpine A110: Motar Faransa da Maƙera Motoci Ke Saya da Kuɗinsu

A wurinmu idan aka ce motar Faransa, Fijo ce ke faɗo wa mutum a rai, 504 da 505 ɗin nan da aka yi ta haɗawa a Kaduna, masu jure lodi da gargada. Shi ya sa duk wanda na gaya wa a gida cewa na sayi motar Faransa mai kujera biyu rak, wadda injinta ke bayan direba, sai ya tambaye ni wace ce kuma Alpine. Ban ga laifinsu ba. Ko a nan arewacin Faransa inda nake aiki, ba nisa da Dieppe, garin da masana'antarta take, mutum na iya yin mako bai yi arba da ita a titi ba. Tawa ta hannu na saya, shuɗiya, cikin samfuran farko masu ƙarfin doki 252, kuma na ci rani da hunturu da ita, na je aiki, na yi doguwar tafiya, na hau duwatsu. Hukuncina tun daga farko shi ne, yabon da ake yi mata bai wuce gona da iri ba, amma yawancin masu yabon ba sa tsayawa su bayyana wa wanda bai taɓa tuƙa ta ba daga ina daɗin yake fitowa.

Daga rashin nauyi yake fitowa. Motar ba ta wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba, a zamanin da ƙaramar motar kai yara makaranta ta fi haka nauyi. Abokiyar karawarta ta Jamus, Porsche 718 Cayman, ta ɗara ta da fiye da kilo 200. Bodin da ƙashin motar duk alminiyam ne. Injiniyoyin, ƙarƙashin jagorancin David Twohig ɗan ƙasar Ireland, sun bi kowane ƙarfe suna rage masa nauyi: kujerun Sabelt da ke cikin irin tawa kilo 13.1 ne kowace ɗaya, birkin ajiye mota an cusa shi cikin birkin baya maimakon a ba shi nasa ƙarfen daban, abin da ya zubar da kilo 2.5. Ba fiffike a bayanta, domin an shafe cikinta ta ƙasa sumul yadda iska ke bi ta danne ta a kan kwalta. Tankin mai, mai cin lita 45, yana gaba, injin yana tsakiya, sai nauyin ya rabu kashi 44 a gaba, 56 a baya, direba kuma yana zaune tsakanin su biyun.

Abin da wannan ke haifarwa a hannu da ƙugu shi ne abin da na fi so in yi bayani. Mota mai nauyi da ake so ta sha kwana da gudu dole a ɗaure ta da sifirin masu tauri da tayoyi masu faɗi, in ba haka ba ta kwanta gefe. Sakamakon haka kowane rami sai ka ji shi a bayanka. Ita A110 da yake ba ta da nauyin da za a yi ta kokawa da shi, an bar sifirin ɗinta da laushi, tayoyinta kuma matsakaita, 205 a gaba, 235 a baya. A ƙananan hanyoyin karkara na Normandi, waɗanda tarakta ta farfashe gefensu, ruwan sama kuma ba ya barinsu su bushe, motar shanye gargada take yi tana tafiya. Idan ka shiga kwana takan ɗan karkata, kaɗan, daidai yadda za ka ji ta inda nauyin ya koma, sai ta zauna daram ta bi layin da ka zaɓa mata. Sitiyarin ba shi da nauyi, kuma ba ya ɓoye maka komai. Idan tayar baya ta fara neman zamewa a jiƙaƙƙiyar kwalta, tun kafin abin ya zama matsala ka riga ka sani. Mahaya a Katsina da Damagaram sun san bambancin dokin da sai an ja linzami da ƙarfi da wanda da ka motsa gwiwa ya gane nufinka. Wannan ta biyun ce.

Kuma duk wannan ana samunsa ba tare da an karya doka ba. A hanyoyin karkarar Faransa iyakar gudu kilomita 80 ne a sa'a, wasu wuraren 90, a babbar hanya 130, kyamarori kuma ko'ina. Na tuƙa motoci masu ƙarfin doki ninki biyu na wannan, waɗanda sai ka kai gudun da zai sa a ƙwace maka lasisi kafin su farka. A110 tun a 60 da 70 tana magana da kai. Gudu kam akwai shi: daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 4.5, ƙarshenta 250. Ni dai ba don shi nake tashi da sassafe ranar hutu in ɗauki hanyar gaɓar teku ba.

Injin shi ne inda ra'ayi ke rabuwa. Mai fulogi huɗu ne, lita 1.8, da turbo, dangin wanda ke cikin Renault Mégane R.S. Yana ja sosai tun daga ƙasa, kuma idan ka danna jan maɓallin da ke jikin sitiyari salansa takan buɗe murya tana tartsatsi in ka saki totur. Amma kukansa ba ya tayar da tsigar jiki irin na injin Porsche mai fulogi shida, wannan gaskiya ce. Giyar otomatik ce mai hawa bakwai, ta kamfanin Getrag, mai kuloci biyu, ana iya canza ta da yatsu ta bayan sitiyari. Ba a yi ta da giyar hannu ba ko ɗaya, kuma na san mutanen da wannan kaɗai ya hana su saya. Da farko ni ma na yi kewar taka kuloci. A kan hanyar dutse mai kwana a kan kwana, inda hannu biyu ke da aiki a sitiyari, kewar ta tafi. Wajen shan mai ma rashin nauyin ya yi rana, domin a doguwar tafiya cikin natsuwa abin da nake gani bai fi lita 7 a kilomita 100 ba.

Sai abin da zama da ita ke buƙata na haƙuri. Ba ta da akwatin ajiye takardu a gaban fasinja. But biyu gare ta, na gaba lita 100, mai faɗi amma marar zurfi, na baya lita 96, mai ƙaramin baki, kuma yana ɗaukar zafin inji, don haka kada ka kuskura ka sa nama ko man shanu a ciki. Ranar da muka shirya kwana biyu a bakin teku, uwargida ta dubi but ɗin ta dubi akwatinta ta ce, “Maigida, to ni ina zan sa kayana?” Jakunkuna masu laushi muka koma, su ne ke shiga. Gilashin baya ɗan tsito ne. Kujerar irin tawa ba a kwantar da bayanta, tsayinta ma sai an kwance ƙusoshi da sifana kafin a canza, ko da yake da zarar an daidaita ta, ban taɓa sauka da ciwon baya ba. Allon da ke gaban samfuran farko bai iya haɗuwa da waya yadda ya kamata, sai a gyaran da aka yi wa motar wajen 2022 aka kawo Apple CarPlay da Android Auto. Wasu maɓallan kuma, har da katin da ake tayar da ita da shi, duk wanda ya taɓa shiga Renault Clio zai gane su. A motar da farashin fitowarta ya kai Yuro 58,500, wannan yana sosa wa wasu rai. Ni na fi son kuɗin ya tafi wajen alminiyam da ƙafafun motar.

Abin da ya fara ja hankalina gare ta, tun kafin in zauna a ciki, shi ne irin mutanen da suka sa hannu a aljihu suka saya. Gordon Murray, wanda ya zana shahararriyar motar titi McLaren F1 da motocin tseren da suka ci gasar duniya, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yaƙi da nauyi, ya sayi A110 yana zuwa aiki da ita, kuma ya faɗa a fili cewa da ita suka riƙa gwada kansu lokacin da suke ƙera T.50, motar da kuɗinta ya haura fam miliyan 2. James May, wanda ya tuƙa kusan duk wata mota mai suna a shirye-shiryen talabijin na Birtaniya, shi ma da kuɗinsa ya saya. Wanda ake kawo wa motoci kyauta ya gwada, in ka ga ya biya, to ya ga wani abu. Ko gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin motocin gwaji a Janairun 2018, lokacin da Chris Harris da Eddie Jordan ke ɗaukar shirin Top Gear a hanyar ralin Monte Carlo, ba ta rage wa 'yan jaridar motoci zumuɗi ba. Jandarmomin Faransa ma sun yi odar guda 26 a 2021 don sintirin manyan hanyoyi.

Soyayyar masu ita kuwa tana da tushe mai tsawo. Jean Rédélé, ɗan wani dillalin Renault a Dieppe, ya fara da tseren ƙaramar motar Renault 4CV, kuma nasarorin da ya samu a duwatsun Alps ne suka sa ya raɗa wa kamfaninsa Alpine a 1955. A110 ta asali, wadda Faransawa ke kira Berlinette, ta fito a farkon shekarun 1960 aka ci gaba da yin ta har 1977, har a Sifaniya da Meziko da Bulgeriya an haɗa ta. A ralin Monte Carlo na 1971 ita ta zo ta ɗaya da ta biyu da ta uku, Ove Andersson a gaba. A 1973 ta maimaita, Jean-Claude Andruet a gaba, kuma a shekarar ta lashe kofin duniya na rali na farko da aka taɓa yi. A 1978 Didier Pironi da Jean-Pierre Jaussaud suka ci tseren sa'a 24 na Le Mans da Renault Alpine A442B. Daga nan abubuwa suka yi ta ja baya har aka daina ƙera A610, motar Alpine ta ƙarshe a lokacin, a 1995, sunan ya kwanta sama da shekara 20. Da aka buɗe odar sabuwar, wadda aka nuna a baje kolin Geneva a Maris 2017, guda 1,955 na farko cikin kwana 5 aka kama su duka.

Masana'antar Dieppe ba ta rufe ba a duk tsawon wancan lokaci, ta ci gaba da yin motocin Renault masu zafi, kuma a can ake haɗa sabuwar. Idan ka shiga garin da A110, za ka gane motar tasu ce. Wani dattijo ya tare ni a wurin ajiye motoci kusa da tashar jiragen ruwa, ya ce ya yi aiki a masana'antar zamanin tsohuwar, ya zagaya tawa a hankali yana shafa layin da ya ratsa tsakiyar bonet da fitilun nan huɗu, yana nuna mini abin da aka ɗauko daga ta da. A hanya kuwa, duk mai Alpine da ka gamu da shi sai ya ƙyafta maka fitila. A tarukan safiyar Lahadi da ƙungiyoyin masu ita ke yi, na lura hirar ba ta cika zama ta wa ya fi wa gudu ba. Iskar taya ake tattaunawa, da saitin ƙafa, da wace hanya ce aka sabunta wa kwalta. Akwai likita, akwai bakanike mai ritaya, akwai wanda ya sayar da Porsche ya dawo nan. Ban taɓa jin an dube ni a matsayin baƙo a cikinsu ba, lambar motata kawai suke tambaya da shekarar da aka yi ta.

Muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu ita ce ta samfuri. A 2019 aka fito da A110 S mai doki 292 da ƙafafu masu tauri, daga baya ta kai 300, sannan a 2022 aka kawo A110 R da aka yi domin filin tsere. Wani abokina ya ba ni S ɗinsa na tuƙa. Ta fi tawa kama ƙasa, ta fi ta kaifi, kuma a filin tsere ba shakka za ta bar ni a baya. Amma laushin nan da ke sa motar ta riƙa numfashi a kan hanya ya ragu, kuma shi ne dalilin da ya sa na saya. Wanda zai yi yawancin tuƙinsa a titin kowa da kowa, ta ƙasan ko GT, mai babban inji da ƙafafu masu laushi, ita zan nuna masa.

Yayana ya tambaye ni a waya ko zan sako ta a jirgin ruwa in na tashi dawowa gida. Na ce masa, “Yaya, wannan ba ta hanyarmu ba ce.” Tsayinta duka mita 1.25 ne, cikinta dab da ƙasa, tudun rage gudu irin na unguwanninmu zai kankare ta. Fetur mai kyau take so, bodin alminiyam kuma ba kowane mai gyaran bodi ke iya taɓa shi ba, ko a Turai sai garejin da aka horar. Amurka ma, da duk kuɗinsu da son motarsu, ba a kai ta kasuwarsu ba. Kamfanin ya riga ya sanar cewa mai gadonta da lantarki za ta yi aiki, kuma batir nauyi gare shi, don haka masu irin tawa da na sani ba mai niyyar sayarwa, na hannun da ke kasuwa kuma farashinsu ba ya faɗuwa yadda aka saba gani. Duk wanda ke Turai yake neman ɗaya, ya nemi takardun sabis cikakku, ya sa a ɗaga ta a duba cikinta ta ƙasa ko ta taɓa gogar tudu, sannan ya roƙi mai ita ya bar shi ya gwada ta a lalatacciyar hanya mai kwana, kada ya yarda a zagaya da shi a miƙaƙƙen titi kawai.