Sharhi kan ajin yoga na masu fara koyo

Ciwon baya ne ya kai ni. Aikina na zama ne gaban kwamfuta tun safe har yamma, kuma da likita ya duba ni ya ce ƙashina lafiya lau, motsa jiki ne ya yi mini ƙaranci. Shi ya sa na shiga ajin yoga na wata malama, kuma yanzu na daɗe ina zuwa har na ga ya dace in faɗi yadda abin yake.

Salon da take koyarwa shi ne Hatha, wanda ake yi a natse: a tsaya a yanayi guda na ɗan lokaci, hankali na kan numfashi. Darasin awa ɗaya ne. Ana farawa da numfashi, a bi da miƙe gaɓoɓi, a ƙare da kwanciya rigingine ba motsi, abin da suke kira shabasana.

Abin da ya riƙe ni shi ne yadda take karɓar jikin kowa a yadda ya zo. A ajinmu akwai mai ƙiba, akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa, akwai wadda ba ta daɗe da haihuwa ba. Duk motsin da malamar za ta nuna, sai ta kawo shi iri biyu ko uku, kuma da mafi sauƙin take farawa, don kada wanda bai iya mai wuyar ba ya ji an bar shi a baya. In hannunka bai kai ƙasa ba, ta tura maka tubalin soso ka dafa. In zama a tabarma ya gagare ka, ga kujera. Wannan dabara ta amfani da tubali da ɗamara da bargo, B.K.S. Iyengar ne ya yaɗa ta, malamin nan na Indiya da ya rasu a 2014, kuma a hannun wannan malama na ga amfaninta. Ba ta taɓa jikin kowa don gyara masa tsayuwa sai ta nemi izini tukuna, in ka ce a'a kuma fuskarta ba ta canjawa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Batun aƙida ma ba ta kauce masa ba. Ta faɗa a fili cewa yoga daga Indiya ta fito, kuma tana da tushe a al'adun addinin can. Ta ce a ajinta motsa jiki da numfashi kawai ake yi, babu rera komai, kuma duk motsin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba ka bar shi, ba mai tambayarka dalili.

Na ƙara ganin girmanta don ba ta cika baki. Ban taɓa jin ta ce yoga na warkar da hawan jini ko ciwon suga ba. Sabon zuwa sai ta tambaye shi lafiyarsa, masu juna biyu da masu hawan jini kuwa tana hana su motsin da ke kifa kai ƙasa, ta ce su fara jin ta bakin likita. A 2017 ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta sa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa kan ciwon baya mai daɗewa kafin a koma ga magani, kuma iyakar abin da take faɗa ke nan. Nawa ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi sosai, barcina ma ya gyaru.

Zumuncin ajin ya yi ƙarfi. In aka kwana biyu ba a gan ka ba, sai an neme ka a zauren WhatsApp. Sai dai a nan ne nake da ƙorafi: wasu sun mai da zauren wurin tallan magungunan rage ƙiba, abin da ya saɓa wa duk koyarwar malamar, kuma ina ganin ya kamata ta tsawatar. Ajin yamma ma ya cika, idonta ba ya kaiwa kan na baya.

Mai neman zufa da gasa zai ga ajin yana tafiyar hawainiya. Amma wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake kunyar jikinsa, zan ce masa ya zo ajin safe, inda mutane ba su da yawa. Ya iso da wuri ya gaya wa malamar inda ke masa ciwo, kuma kada ya zo da cikakken ciki.